Kunyar Ɗan Fari a Gidanmu na Gamboru

Ina zaune a kan turmin da aka kifa a bayan ɗakin Inna, tana tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini a baya, sai muka ji sallama a zaure da muryar da ba mu saba ji ba. Lokacin ina gidan iyayena a unguwar Gamboru ta Maiduguri ina wankan jegon ɗana na fari, ba a daɗe da yin suna ba. Gidan mijina yana unguwar Limanti. Jirgin ƙasa bai iso Maiduguri ba tukuna a shekarun nan, duk kayan da zai fita garin sai a babbar mota. Baba ya riga ya tafi rumfarsa ta dukanci a kasuwa, babu namiji a gidan. Matar yayana ce ta leƙa, ta dawo ta ce mai motar da Yaya yake tuƙawa ne yake neman Baba.

Mutumin Ibo ne, yana da kanti a kasuwa da mota guda mai ɗauko bandar kifi daga Baga ta kai Jos. Yaya ya daɗe yana yi masa tuƙi, amma bai taɓa zuwa gidanmu ba. Inna ta ajiye ganyen, ta yafa mayafi, ta je ta tsaya a bayan ƙofar zaure. Daga inda nake ina jin su.

Ya ce, "Mama, kada ki ji tsoro, yana da rai. Faɗuwa ya yi a tasha. Yana duba taya sai ya yi ƙara ya faɗi, jikinsa yana karkarwa, kumfa yana fita daga bakinsa. Mutane duk suka watse. Ni na zauna da shi har ya farfaɗo. Yana kantina yanzu yana hutawa."

Inna ta ce, "Motar ba ta yi komai ba?"

Ya ce, "Mama, maganar ɗanki nake yi miki, ba ta mota ba."

Ta ce, "Na ji. An gode, Allah ya saka da alheri."

Ta dawo ta ɗauki ganyen ta ci gaba da yi mini wanka. Ruwan ya riga ya huce, ba ta lura ba. Ban juya na dube ta ba.

Wanda bai san mu ba zai ce uwa ce marar tausayi. Yaya shi ne ɗan farinta, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ko na Baba ba. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan", ko ta ce mini "yayanki". In ya shigo gaishe ta, takan amsa a gajarce tana kallon abin da take yi. Ko mai tallan kananzir da yake da suna irin nasa, wani suna ta laƙa masa. Haka uwarta ta yi da nata ɗan farin a Kano, haka uwar Baba ta yi. Ni ma a kwanakin nan, in Inna ta kama ni ina yi wa jaririna wasa, sai ta ce, "Ke ba ki da kunya? Ɗan fari ne fa. Miƙo shi nan."

Sai dai a Kano akwai kaka, akwai goggo, akwai baffa. Su ne suke ɗaukar ɗan fari su rungume shi, su ja shi da wasa, su ji abin da yake damunsa su kai wa iyayensa, su kuma kawo masa abin da iyayen ba za su iya faɗa ba. Duk waɗannan Baba ya baro su a can lokacin da ya kwaso basilla da wuƙaƙensa ya zo Barno neman kasuwa, Yaya yana goye. Sun taho da al'adar, ba su taho da masu ɗaukar saƙonta ba. Tsakanin Yaya da ni an haifi wasu, ba su zauna ba. Mu biyu muka rage.

Da la'asar Yaya ya dawo da ƙafarsa, leɓensa a kumbure inda ya ciza. Ya shige ɗakinsa da yake kusa da zaure. Baba ya dawo kafin lokacin da ya saba, ya tsaya a tsakar gida ya tambayi matar Yaya ko an kai wa "mai ɗakin can" ruwa. Babu wanda ya faɗi sunan ciwon a ranar. Sai washegari maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Babarbariya da muke ce wa Kaka, ta shigo ta ce duk unguwa maganar ake yi, wai farfaɗiya ce, har an tara ciyawa an ƙona wurin da ya faɗi a tasha. Mutanen lokacin sun yarda cewa duk wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa, ko ya tsallake inda ya zuba, ya ɗauka.

Iyayena ba su zauna ba. Baba ya je wurin malamai ya karɓo rubutu. Shi da yake ɗinka wa mutanen gari layu, ya zaɓi jar fata mafi laushi a rumfarsa ya ɗinke wata, ya ba ni ya ce, "Ki ba yayanki, ki ce wani ne ya bayar." Mai motar kuma ya kai shi asibiti, aka ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi farare. Ya ɗan samu sauƙi, har muka fara cewa ko zafin rana ne da gajiyar hanya. Sai ya sake faɗuwa a ƙofar masallaci.

Daga nan tuƙi ya ƙare. Mai motar ya zo da kansa ya gaya wa Baba cewa ba zai iya ba shi sitiyari ba, amma ba zai kore shi ba, zai zaunar da shi a kanti. Yaya ya zauna a kantin na ɗan lokaci. Masu saye suka riƙa tsayawa daga waje suna jiran mai kantin, ba sa karɓar ko ashana daga hannun Yaya. Wasu suka koma kantin gaba. Yaya da kansa ya ce ya bari, ba zai kashe wa mutumin kirki kasuwa ba.

Matarsa 'yar Khaddamari ce, ba su daɗe da aure ba, ba ta haihu ba tukuna. Wata safiya ubanta, manomin shinkafa, ya zo. Suka zauna da Baba a zaure suka yi ta gaisuwa irin ta Barebari, wushe wushe ba ta ƙarewa. A ƙarshe ya ce uwar yarinya ba ta jin daɗi, a ba shi ita ta je ta duba ta. Kowa ya san abin da ake nufi. Na ɗauka Baba zai roƙe shi. Amma roƙo saboda ɗan fari a gaban suruki abu ne da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Yarinya ai taku ce. Allah ya ba mai jiki lafiya." Ta shigo ɗakin Inna tana kuka, ta ce mini da Hausarta mai nauyi ita ba ta jin tsoronsa, ba a tambaye ta ba ne. Ta tafi da ƙullin kaya kaɗan, ta bar sauran kamar mai dawowa.

Da can Yaya a ƙofar gida yake cin abinci da abokansa, kowa ya fito da kwanonsa a haɗa. Yanzu sun daina fitowa. Sai Inna ta aika aka sayo sabon kwano mai murfi da sabuwar moɗa, ta ware masa. Dalilinta shi ne malamin da ya ba da garin magani ya ce a riƙa barbaɗa masa a abinci, kuma kada wani ya ci, balle mai shayarwa. A ƙasan tuwon takan ɓoye tsokar da ta fi kyau, ta zuba man shanun da aka saya domin jegona. Ita take wanke kwanon da hannunta, daban, ta kife shi a kan danga. Ni nake kaiwa.

Yaya mutum ne mai barkwanci. Tun da na haihu yake ce mini "uwar mai kan tulu", wai kan ɗana ya fi jikinsa. Ranar da na fara kai masa sabon kwanon ya dube shi ya yi dariya.

"An sayo wa kuturu nasa ke nan? Ajiye daga nan, uwar mai kan tulu, kada ki matso."

Na ce, "Haba Yaya. Magani ne a ciki, shi ya sa."

Ya ce, "Har moɗar ma magani ce?"

"Malam ne ya ce a ware."

"Ita ta ce ki gaya mini haka?"

Na ce a'a, ni ce na sani.

Ya ce, "To." Ya ja kwanon ya buɗe.

Kaka ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Wata rana ta shigo ta tarar da Inna tana tankaɗe, ta zauna a kan tabarma ta ce, "Ku Afuno, ku Hausawa, wane irin mutane ne? Mu ma muna kunyar 'ya'ya, amma ba irin taku ba. Yaro yana can shi kaɗai kamar an rufe shi da rai, ke kina nan kina kaɗa rariya."

Inna ta ce, "Kaka, je ki ki shafe kanki da man shanu ki ƙyale ni."

"Man shanun ai ya ƙare, kin juye wa wanda ba ki san sunansa ba."

Suka yi dariya su biyu. Inna ta sa bayan hannu ta goge ido, gari ya ɓata mata fuska. Ta rage murya ta ce, "Ke ki shiga ki yi masa magana mana. Ai jikanki ne, a hannunki ya girma."

Kaka ta je. Ta zauna daga bakin ƙofa ta yi masa nasiha mai daɗi, ta ce masa mijinta, ta ce in waccan ta Khaddamari ba ta dawo ba ita tana nan. Ya yi dariya sosai. Da za ta tashi ya miƙa mata ruwa a moɗarsa, ta ce azumi take yi. Goro yana bakinta. Shi ya ba ni labarin daga baya, yana dariya, amma ba irin ta farko ba.

Faɗuwar da ta fi tsaya mini a rai da hantsi ta faru. An hura wutar ruwan wankana a tsakar gida, babbar tukunya tana tafasa. Akwai mata biyu na unguwa da suka shigo aron turmi, Kaka ma tana nan. Yaya ya fito zai zaga bayan gida, ya zo daidai murhu sai ya yi wannan ƙarar, ya tafi gaba ɗaya wajen wutar. Matan suka yi waje da gudu, ɗaya har ta bar takalmi. Ni ina riƙe da jariri. Ban ga lokacin da Inna ta fito daga ɗaki ba. Na dai gan ta ta sa hannu tsakaninsa da tukunyar ta fizgo shi, suka faɗi tare. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kansa a cinyarta. Kumfan da mutane suke gudu, da tafin hannunta ta riƙa share shi tana gogewa a zaninta. Tana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar yadda take yi wa ɗana in yana kuka: "Yi haƙuri, yi haƙuri, ga ni nan."

Da jikinsa ya saki, idonsa ya fara motsi, sai ta jawo tabarma ta naɗe ta sa masa a ƙarƙashin kai, ta miƙe ta shige ɗaki. Ya farfaɗo ya ga ni da Kaka a tsaye daga nesa, babu kowa kusa da shi. Ya tashi a hankali ya kakkaɓe rigarsa ya koma ɗakinsa.

Hannun Inna ya sale daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Ina shafa mata magani ta ce, "Kada in ji wannan magana a bakin kowa. Tukunya ce ta ƙona ni."

Ban bi maganarta ba. Da na kai masa abincin rana na zauna na gaya masa duk abin da ya faru, har abin da ta riƙa faɗa. Ya saurara yana kallon ƙasa. Sannan ya ce, "Inna ko akuya ce za ta faɗa wuta sai ta janye ta. Kin san halinta."

Na ce, "Akuya ake ɗora wa kai a cinya?"

Ya ce, "Ke kika gani, ni ban gani ba. Duk abin da aka yi mini a gidan nan sai ina kwance ban san inda nake ba, ko kuma a ce wani ne ya bayar. Da ina da lafiya ban damu ba, na san al'ada ce. Yanzu kowa a garin nan kau da kai yake yi in ya gan ni. In na shigo gida su ma su kau da kai. Ta yaya zan bambance?"

Na kai wa Inna maganar kamar yadda ya faɗa. Ta daɗe tana kallon hannunta mai ƙuna. Ta ce, "Kin ɗauka ban gwada ba? Shekaranjiya da kina barcin rana na je har ƙofar ɗakin. Ƙafata ta kai ni, bakina ya ƙi. Na tsaya ina jin tarinsa, na dawo. Tun ranar da aka haife shi ban taɓa ba. Ban san ta inda ake farawa ba."

Zamana a gida ya wuce yadda aka saba. Mijina ya aiko a mayar da ni, Inna ta yi ta ba da uzuri, domin ni ce bakinta, ni ce kuma kunnenta. Sai yayar mijina ta zo da kanta. Ba ta zauna ba. Ta tsaya a tsakar gida ta ce da ƙarfi su ba za su bar jininsu a gidan da ake faɗuwa ba, in ni ina so in zauna in ba su ɗansu. Ɗakin Yaya yana nan kusa, asabari kawai ne a ƙofar.

Bayan kwana kaɗan ya kira ni ya ce in gaya wa Baba zai tafi bakin tafki, can Baga. Ya san masunta da masu banda da yawa tun yana ɗauko musu kaya, za su ba shi aiki, kuma can babu wanda ya ga faɗuwarsa. Na ce, "Yaya, aikin can ai ruwa ne da wuta." A asibiti ma abin da aka ja masa kunne a kai ke nan. Ya ce ya sani.

Ranar ce kaɗai na taɓa jin iyayena suna sa-in-sa. Bayan la'asar ne, Baba yana zaune a ƙofar ɗakin Inna da fata a cinyarsa.

Inna ta ce, "Malam, ka hana shi."

Ya ce, "In hana shi in ba shi me? Namiji da ƙarfinsa, ba mata, ba sana'a, ba mai gaishe shi. Zaman ɗakin nan ma kashe shi yake yi."

"Gara ya mutu ina ganinsa."

"Ke ba ki da baki ne?"

"Kai ne uba."

Baba ya ajiye fatar ya ce zai sa liman ya yi masa magana. Limamin unguwa ya kira Yaya ya yi masa nasiha. Yaya ya durƙusa ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah gafarta Malam, in mahaifina ya ce kada in tafi, ba zan tafi ba." Liman ya dawo wa Baba da amsar. Magana ta koma inda ta fito. A zamanin nan ɗa ba ya tafiya in uba ya ce bai yarda ba, ko da ɗan ya yi furfura. Dukanmu mun san Yaya ba izini yake nema ba. So yake a ce masa ya zauna, kuma daga bakin su biyun nan.

Da safen da zai tafi, Baba bai fita kasuwa ba. Ya zauna a zaure yana yankan fata. Na tsaya a bayan ƙofa. Yaya ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, zan kama hanya."

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "An ce mai irin wannan lalura ba ya kusantar ruwa."

"Haka aka ce, Baba."

"Da wuta."

"Na ji, Baba."

Yaya bai tashi ba. Wuƙar Baba ta tsaya a kan fatar, ba ta gaba ba ta baya. Ina jin masu tallan koko suna wucewa a waje. Can Baba ya ce, "To. Allah ya tsare."

Yaya ya ce amin. Ya shigo cikin gida ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna. Tana ciki, asabari a sake. Ya ce, "Inna, zan tafi." Na shiga na same ta a zaune a bakin gado, ta riƙe ƙullin guzurin da ta haɗa masa, dakuwa da ƙuli-ƙuli da sauran garin maganin. Na ce mata a hankali, "Inna, kalma ɗaya ce." Leɓenta ya motsa. Ta miƙo mini ƙullin ta ce, "Ki ce masa Allah ya kiyaye hanya."

Na fito zan faɗa, ya ce, "Na ji da kunnena, ba sai kin wahala ba." Ya karɓi ƙullin. Na miƙa masa ɗana ya yi masa sallama, ya mayar da hannuwansa baya ya ce, "Bar shi, kada mutanen Limanti su ji. Mai kan tulu, ka riƙe uwarka da kyau." Ya fita.

Baba bai je kasuwa ba ranar gaba ɗaya. Da na kai masa ruwa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na buɗe baki in ce zauna, sai na ji na ce Allah ya tsare."

A makon aka mayar da ni Limanti. Da farko labari yana zuwa. Direbobin Baga sukan ce sun gan shi, ya yi baƙi amma yana lafiya. Ya aiko da kwandon banda ta hannun tsohon maigidansa, ya ce a kai gida. Inna ta raba wa maƙwabta, ta ajiye kaɗan a cikin tukunya ba ta ci ba, har ƙwari suka cinye. Bayan damina ta biyu saƙo ya yanke.

Baba ya mayar da tasha wurin zuwansa. Duk motar da ta shigo daga Baga sai ya je ya tsaya har a gama sauke kaya. Mai kantin ma yana tambayar masa direbobi. Wani ya ce Yaya ya bi masunta zuwa tsibiran cikin tafki. Wani ya ce an yi maganar wani Bakano da ya faɗa ruwa daga kwalekwale, amma bai san ko shi ba ne. Wani kuma ya rantse ya gan shi a tsallake, a ƙasar Chadi, yana gyaran mota. Kowane labari Baba ya kawo gida, Inna takan saurara tana wani aiki, sannan in na zo ta sa ni in maimaita mata shi daga farko.

Daga baya Baba ya rufe rumfa ya hau motar banda ya tafi Baga da kansa. Ya daɗe. Ya dawo a rame, ƙafafunsa sun kumbura. Na zo gaishe shi, ya ce mini ya bi bakin ruwa sansani bayan sansani. Ya ce da farko yana cewa yana neman wani yaro direba daga Gamboru, sai aka ce masa, "Tsoho, direbobi ai suna da yawa, wa ye sunansa?" Ya ce, "Sai na faɗa. Na yi ta faɗa wa duk wanda na gani. Ashe ba shi da wuyar faɗa." Inna tana daga cikin ɗaki tana ji, ba ta fito ba.

Uban matar Yaya ya zo daga Khaddamari da maganar yarinya, ta daɗe a zaune. Baba ya bi shi wurin alƙali aka raba auren. Ta zo kwashe sauran kayanta, Inna ta taya ta ɗaurewa. Mai kantin nan shi ma ya rufe kantinsa ya koma garinsu, a lokacin da zama ya yi wa mutanensu wuya a Arewa. Kafin ya tafi ya zo ya yi wa Baba sallama, ya ce ya so a ce ya bar Yaya a kantin ko da ba mai sayen komai. Bayan tafiyarsa ba mu da sauran mai tambayar mana direbobi.

Da shekaru suka yi nisa liman ya ba Baba shawara a tara mutane a yi addu'a da sadaka, kamar yadda ake yi wa wanda ya rasu a nesa, ko hankali ya kwanta. Baba ya yarda, har ya sayo gero. Inna ta ce ba a gidan da take ba. Ta ce wanda ya ga gawa ya zo ya gaya mata, sannan ta daka gumba. Baba ya sake tayar da maganar bayan wani lokaci, ta ba shi amsa iri ɗaya, ya bari. Shi ya fara rasuwa. A ciwonsa na ƙarshe ya ce mini in Inna ta sauko a yi. Ba ta sauko ba har ta bi shi.

Yanzu ni kaɗai na rage da zan ce a yi ko a bari. 'Ya'yana sun tambaye ni, na ce su dakata. Har yau ba a yi wa Yaya sadakar mutuwa ba.